Mota, Fito da Masauki: Sharhi a kan Labarin Tafiya ta Hanyar Daura

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wani nau'in labarin tafiya wanda ya daɗe yana ratsa ƙasar Daura, mu auna shi da ma'aunin da adabinmu ya tanada. Nau'in da muke nufi shi ne labarin mutumin da ya sami hutu, ya shiga motarsa, ya tuƙa ta da hannunsa, ya shigar da ita jirgin ruwa ya ƙetare teku, sa'an nan ya ci gaba da tafiya ta ƙasa, ba don fatauci ko neman ilmi ko sauke farali ba, sai don yawon buɗe ido kurum. Da ya koma gida kuma sai ya rubuta abin da ya gani.

Mai sauraro yana iya tambaya: ina ruwan Daura da jirgin fito, alhali ƙasar ba ta da wani babban kogi? Amsar tana kan taswira. Hanyar motar da ta taso daga bakin Bahar Rum a Aljeriya, ta biyo ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram zuwa Kano, ta ƙasar Daura take shigowa Nijeriya, ko ta Kwangwalam a gundumar Mai'aduwa, ko ta Babban Mutum a gundumar Baure. Baturen da ya loda motarsa a jirgi a Marsel ya sauka a Aljeriya, in Kano ya nufa, a ƙarshen tafiyarsa ƙurar Daura zai kwasa. Saboda haka teku tana can, mu muna nan, amma hanya guda ce ta haɗa mu.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, darajar labarin tafiya tana wurin da matafiyi ya tsaya, watau a zango da bakin fito da masauki. Yawan milmil ɗin da aka ci ba ya ƙara wa labari armashi. Za mu fara da fitar da ma'auni, sa'an nan mu ɗora labaran masu mota a kai, mu ɗora namu na Hausa, daga ƙarshe mu faɗi abin da muke ganin ya rage a yi.

2.0 Ma'auni daga Labarin Bayajida

Mafi shahara cikin labaran tafiya da Bahaushe ya gada a Daura ya ƙare. Ba mu shiga gardamar masana tarihi a kan ko Bayajida mutum guda ne ko kuwa alama ce ta ƙaurar wata al'umma ba. Wannan fage ne na wasu. Mu abin da ya dame mu shi ne zubin labarin, kamar yadda ake ba da shi a baka, da yadda H. R. Palmer ya buga shi a 1928 cikin Sudanese Memoirs.

In mun lura, tafiyar tana da tsawon gaske: daga Bagadaza zuwa Barno, daga Barno zuwa Garun Gabas, daga nan zuwa Gaya, sa'an nan Daura. Amma mai ba da labari ba ya ɓata lokaci a kan hanya. Ba ya gaya mana kwana nawa aka yi, ko wane dutse aka haye. Duk nauyin labarin yana kan zangogi. A Barno an yi aure an kuma yi rashin jituwa. A Garun Gabas an bar mace da juna biyu. A Gaya maƙera sun ƙera makami. A Daura kuwa baƙo ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, aka ce masa ba a samun ruwan Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, gari ya waye jama'a ta sami ruwa. A wasu ruwayoyin ma an ce dabbar da ya hawo baƙuwa ce ga mutanen garin, abin da ke tuna mana da ranar da mota ta fara shiga garuruwanmu.

Daga wannan zubi muna iya fitar da tambayoyi uku da za a yi wa kowane labarin tafiya. Ta farko, wa ya sauki matafiyin, kuma labarin ya san sunansa? Ta biyu, me matafiyin ya buƙata daga mutanen wurin? Ta uku, me ya bar musu? Labarin Bayajida ya amsa duka ukun filla-filla: Ayana ce ta sauke shi, ruwa ya roƙa, rijiya ya buɗe musu. Abin sha'awa ne a ce al'ummar da ta manta sunayen sarakuna da yawa ba ta manta sunan tsohuwar da ta ba baƙo masauki ba. Wannan yana nuna mana inda Bahaushe ya ajiye zuciyar labarin tafiya.

3.0 Labarin Masu Mota

3.1 Taƙaitaccen tarihi

Motoci sun fara ƙetare Sahara tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923, lokacin da ayarin kamfanin Citroën ya taso daga Tugurt ta Aljeriya ya isa Tambutu. A 1924 zuwa 1925 wani ayarin na kamfanin ya ratsa ƙasar Hausa ta Nijar, ta Tasawa da Damagaram, aka kuma yi sinima a kan tafiyar. A Disamba 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar London a kan babur mai kwando a gefe, suka biyo ta Tamanrasat da Agadas da Kano, suka isa Kef Tawun a Yuli 1935. Labarin tafiyar, The Rugged Road, bai fito ba sai a 2001.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hanyar ta zama ta masu hutu. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai da dama sukan sayi tsohuwar Peugeot, su shigar da ita jirgi a Marsel, su kwana bisa teku, su sauka Aljeriya, su ratsa hamada, su sayar da motar a Arlit ko Agadas ko Yamai, kuɗin ya biya musu hutun. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, shi ma da wannan fiton na Marsel ya soma, ya biyo ta Tamanrasat da Agadas. Littattafan jagora suka biyo baya, irin su Sahara Handbook na Simon da Jan Glen a 1980, da Sahara Overland na Chris Scott a 2000.

Ba Turawa kaɗai suka yi wannan tafiya ba. Injiniya Newton Jibunoh, ɗan Nijeriya, ya tuƙo mota shi kaɗai daga London zuwa Ikko a tsakiyar shekarun 1960, ya sake ratsa hamadar a 2000 da 2008, ya kuma rubuta littafi mai suna Me, My Desert and I.

3.2 Zubi da tsari

Labarin mai mota yakan kasu kashi uku: shiri, hanya, da isa. A kashin shiri ake lissafa jarkokin man fetur da na ruwa, da tayoyin safaya, da faranti na ƙarfe da ake shimfiɗawa in mota ta kafe a rairayi, da takardun kwastan. A kashin hanya ake ba da labarin zafi, da kafewa, da ɓacewa, da tsinkewar wani abu a inji. A kashin isa kuma ake murna, a sha ruwan sanyi, a ɗauki hoto. In muka nemi tauraron labarin, sau da yawa sai mu tarar motar ce. Ita ke da suna, ita ke rashin lafiya, ita ke warkewa, ita ake yi wa kirari a ƙarshe.

Ya kamata mu yi adalci, domin wannan nau'i yana da abin yabo. Yana da kiyaye lissafi. Mai karatu zai san cewa tsakanin Tamanrasat da In Gezam akwai wajen kilomita 400, tsakanin Asamaka da Arlit kuma wajen 200, zai san inda rijiya take da inda mai yake, zai san launin ƙasa da siffar duwatsu. Wannan kula da bayanin wuri abu ne da rubutun zubenmu na Hausa yake da ƙarancinsa, kuma za mu dawo kansa.

3.3 Ɗora shi a ma'auni

Sai dai in muka kawo tambayoyinmu uku, sai rauninsa ya bayyana. Wa ya sauki matafiyin? Galibi ba kowa, domin ya taho da ɗakinsa: cikin mota yake kwana, ko a tanti a bayan gari. Me ya buƙata daga mutane? Kusan ba kome, tun da ya yi guzurin abinci na gwangwani da ruwa a jarka. Iyakarsa mai sayar da fetur da ma'aikacin kan iyaka mai hatimi. Wanda bai roƙi ruwa ba kuwa ba zai san sunan Ayana ba. Fatake na da dole ne su shiga hannun fatoma, su gai da sarkin zango, su yi ciniki da masu hatsi da masu ciyawa, saboda haka kowane zango yakan bar musu sunan mutum. Mota kuwa ta 'yantar da matafiyi daga wannan dole, amma ta raba shi da abin da ke sa labari ya yi rai. Gilashin taga ya zama shamaki: ana gani, ba a gaisawa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, maganin makantarsa kuwa ɗan gari ne. Mai mota ya musanya ɗan gari da taswira.

A nan ne Daura take shan kashi. Matafiyin da ya taso daga Damagaram ya riga ya gama da hamada, hankalinsa yana kan Kano, inda akwai otal da banki da makanikai. Abin da zai tuna a ƙasar Daura shi ne shingen kan iyaka. Garin da ake ce wa tushen Hausa Bakwai sai ya zama ɗigo tsakanin ɗigogi biyu. Ba zai san cewa iyakar da ya tsallake ta yarjejeniyar Ingila da Faransa ce ta 1906, wadda ta raba dangi gida biyu ba. Ba zai san cewa garin Zango da ke kusa shi ne mazaunin sarakunan Haɓe bayan jihadi, har Turawa suka mai da Malam Musa Daura a farkon ƙarni na 20 ba, tarihin da M. G. Smith ya bi diddiginsa cikin The Affairs of Daura a 1978. Gudun mota ba ya barin irin wannan sani ya shiga.

Me ya bari kuwa? Akwai misali guda da ya isa ishara. A hamadar Tenere, a kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, an yi wata itaciya tilo a bakin rijiya, wadda masu raƙuma suka yi zamani bayan zamani suna kiyaye ta, ba su karya reshenta don hura wuta ba. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, aka kwashi kututturen aka kai gidan tarihi na Yamai. Ba mu ce kowane mai mota haka yake ba. Jibunoh, alal misali, abin da ya gani na gurgusowar hamada ya sa ya kafa ƙungiyar yaƙi da ita a 2000, wannan kuwa amsa ce mai kyau ga tambaya ta uku. Amma ko a wurinsa, sunan littafin ya ambaci mai tafiya sau biyu, ya kuma kira hamadar tasa ce. In muka jera wannan suna da Tafiya Mabuɗin Ilmi ko Motsi Ya Fi Zama, waɗanda suka ɗauko sunansu daga bakin jama'a, za mu ga bambancin wanda yake magana a madadin kansa da wanda yake magana cikin mutane.

4.0 Muhimmancin Fito

Akwai wuri guda da labarin mai mota yakan farfaɗo, shi ne bakin ruwa. Dalili kuwa a fili yake. A kan tudu direba shi ne sarkin kansa: ya tashi sa'ad da ya so, ya tsaya inda ya ga dama. Da ya iso bakin fito sai sarautar ta ƙare. Zai kashe inji, ya shiga layi, ya biya kuɗin fito, ya jira jirgi ya cika, ya miƙa kansa da motarsa ga wani mutum wanda ya san ruwa. Dole ya fito daga mota ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai akuya da mai goyo da ɗan kasuwa. A wannan sa'a ya koma baƙo na sosai, mai buƙata, kuma a nan ne tambayoyinmu uku suke samun amsa. Haka nan lalacewar mota take yi. Matan nan biyu na 1935 injinsu ya mutu a yankin Agadas, suka shafe makonni a garin suna jiran kayan gyara. Tsautsayin ne ya zaunar da su cikin mutane.

Bahaushe ya san fito tun kafin mota. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sai sun haye Kwara, da jakunansu da kayansu, a hannun sarkin ruwa da mutanensa. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan fatauci cikin Caravans of Kola a 1980. Madugu, duk ikonsa a kan ayari, a bakin kogi mai jira ne. Da zuwan zamani sai gadoji suka riƙa cinye mafitai ɗaya bayan ɗaya: gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932, gadar Anaca a kan Kwara a 1965, gadar Kennedy ta Yamai a 1970. Ba mai ƙin gada, domin ta rage asarar rayuka da ta dukiya. Amma mai nazarin adabi zai lura cewa kowace gada ta share wani dandali inda matafiya kan zauna su ba juna labari. Wanda ya haye Kwara cikin minti biyu bai ga Kwara ba.

A ƙasar Daura, inda babu kogi, shingen kan iyaka shi ya gaji aikin fito. A Kwangwalam ma kashe inji ake yi, a shiga layi, a jira. A nan ake samun masu canjin kuɗi, da masu shayi, da 'yan kamasho, da direbobin da suka san kowane rami tsakanin Daura da Matamaye. Marubuci mai ido zai sami a wannan wuri duk abin da wani zai samu a tashar jirgin ruwa ta Marsel.

5.0 Labaran Tafiya na Hausa

Yanzu sai mu juyo gida, kada a ce mun ga na wani mun manta namu. Za mu ɗauki misalai huɗu.

Na farko shi ne labarin Dorugu, yaron da aka kama bauta a ƙasar Damagaram, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sa'an nan ya ratsa hamada tare da shi ta Murzuk zuwa Tarabulus a 1855, ya shiga jirgi zuwa Malta da Marsel, ya isa London. Ya ba J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Abin lura shi ne, tekun da masu hutu suka riƙa hayewa da motocinsu, Bahaushe ya haye ta ya kuma ba da labari shekara ɗari kafin su. Dorugu ba shi da abin hawa nasa, ba shi da guzuri nasa, kullum a hannun mutane yake. Don haka labarinsa cike yake da mutane: wanda ya ba shi abinci, wanda ya cuce shi, yadda ake zama a ci abinci a gidajen Ingila. A ma'auninmu ya ci tambaya ta farko da ta biyu.

Na biyu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933. Ƙagaggen labari ne, amma ƙashin bayansa tafiya ce: daga Kagara zuwa Kano, zuwa ƙasar Larabawa, zuwa Tarabulus, da komowa ta hamada inda guguwa ta binne ayari, har malamin ya zauna a Rauta. A nan ma kowane zango yana da sunan mutum, Makau ko Abdulkarim, kuma mutumin kirki da mugu duk a masauki ake gane su. Hamadar da ta zama filin wasa ga mai mota, a wannan littafi hanyar bayi ce, hanyar uwa mai neman ɗanta. Wanda ya karanta shi ba zai ƙara duban Sahara da idon ɗan hutu kaɗai ba.

Na uku da na huɗu su ne Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944 bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano na 1955, wanda shi ma labarin zuwa Turai ne. Waɗannan sun amsa tambaya ta uku ta wata fuska: abin da matafiyi zai kawo wa mutanensa. Jigonsu wayar da kai ne, watau a je a gani a dawo a faɗa, domin gani ya kori ji.

Duk da haka, labaran namu suna da nasu raunin, kuma ya kamata mu faɗe shi. Na ɗaya, fuskarsu tana kallon waje. Cikin huɗun nan babu wanda ya ɗauki hanyar gida, irin ta Kano zuwa Daura zuwa Damagaram, a matsayin abin da ya cancanci littafi. Kamar dai tafiya ba ta zama tafiya ba sai an ga baƙon abu a ƙasar wasu. Na biyu, matafiyan nan ba su ke riƙe da linzami ba: Dorugu bara ne, Umar bawa ne, Imam baƙon hukuma ne wanda aka tsara masa inda zai je. Na uku, bayanin wuri yana da ƙaranci. Marubucinmu yakan ce an yi ta tafiya har aka isa gari kaza, ya bar mai karatu bai san irin ƙasar da aka taka ba. Na huɗu, son koyar da darasi yakan sa a katse labari a shiga gargaɗi.

In muka waiwayi adabin baka za mu ga ya riga rubutu karɓar mota. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, wanda kuma a Daura aka binne shi a 1999, ya yi wa direbobi waƙoƙi, ya ɗauke su jarumai kamar yadda makaɗan da suka ɗauki mahaya. Rubuce-rubucen da ke jikin manyan motoci su ma wani reshe ne na adabin hanya. Rubutun zube ne ya yi nawa.

6.0 Halin da Ake Ciki

Hanyar hamada ta masu hutu ta mutu a hankali. Tawayen Abzinawa daga 1990, da rikicin Aljeriya daga 1992, da sace 'yan yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya a 2003, su suka kore su. Lokacin da Pelumi Nubi ta tuƙo ƙaramar Peugeot 107 daga London a Janairu 2024 ta isa Ikko a Afrilu, ta Maroko da Muritaniya da Sanagal ta biyo, kuma labarinta a Instagram da YouTube aka bi shi kafin a gan shi a takarda. Ita kanta iyakar Daura an rufe ta a Agusta 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. A ɗaya gefen kuma an kafa jami'ar sufuri ta tarayya a Daura, an kuma aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura, a Fabrairu 2021.

Ma'anar wannan ga adabi ita ce, baƙon da ke wucewa da gudu ya daina zuwa, mai motar da ke kan hanyar yanzu ɗan gida ne. Malamin makaranta da ke ɗaukar iyalinsa daga Kano zuwa kallon hawan Sallar Gani, ya kai yara su leƙa Kusugu, shi ma ɗan hutu ne mai tuƙa kansa. Yana da abin da Dorugu da Imam ba su samu ba, watau ikon tsayawa inda ya so. Yana kuma da abin da Baturen hamada bai samu ba, watau harshe da dangi. Haɗarin da ke gabansa shi ne ya ari makantar baƙo, ya rufe gilashi, ya ɗauki hoto ya wuce.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa labarin tafiya a zango yake rayuwa, kuma labarin Bayajida ya ba mu tambayoyi uku da za mu auna shi da su. Labarin masu mota ya ƙware a lissafi da bayanin ƙasa, amma ya rasa mai masauki, sai fa a bakin fito ko inda mota ta lalace. Labaran Hausa sun ƙware a sanin mutane, amma sun yi sakaci da hanyar gida da siffar ƙasa. Marubucin da muke jira shi ne wanda zai haɗa biyun: ya gaya mana nisan da ke tsakanin Kazaure da Daura da irin itatuwan da ke bakin hanya, ya kuma gaya mana sunan mai shayin da ya zauna wurinsa a Kwangwalam da abin da suka tattauna.

Muna da shawara biyu ga wannan taro. Ta farko, sassan Hausa na jami'o'inmu su sa labarin tafiya cikin manhaja a matsayin reshe mai zaman kansa na rubutun zube, a daina cusa shi ƙarƙashin tarihin rayuwa. Ta biyu, kuma ita ce mafi gaggawa, a tura ɗalibai su naɗi maganar dattawan da suka yi tafiyar hajji ta ƙasa a manyan motoci, ta Maiduguri, suka yi fito a Kusiri zuwa Fort Lami, suka bi ta Abeshe da Junaina har El Obeid, suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda. A haɗa da tsofaffin direbobi da dillalan kasuwar Mai'aduwa, waɗanda suka ga zamanin motocin hamada ta ɓangaren mai saye da mai gyara. Waɗannan mutane sun yi fito na gaske, sun jira, sun roƙi ruwa, sun san sunayen waɗanda suka sauke su. Kowace shekara kuwa raguwa suke yi, kuma in suka ƙare ba a naɗa ba, abin da zai rage na tarihin wannan hanya shi ne abin da mai wucewa ya hango ta taga.